Kiɗan da Tolib Bai Rufe Ba

Daga ƙarƙashin ƙasa na fara jin muryar Sanobar.

Bayan isha'i ne, ina dawowa daga gonar auduga inda na haska wa ma'aikata majigi. Aikina ke nan a lokacin, a ƙauyukan bayan Bukhara: in ɗora inji a amalanken jaki, in rataya farin ƙyalle a jikin bishiya. Ina isowa tsohuwar rijiyar nan mai ƙubba, wadda ake sauka cikinta ta matakala, sai jakin ya toge. Wani sauti ke fitowa ta ƙofarta, kamar mata da yawa suna waƙa ɗaya, kowacce ta makara da numfashi guda.

Ni tun ina yaro abin da ya saɓa wa hankali shi ke jana. Ban yi nisa a makaranta ba, don malaminmu ya kasa gaya mini inda sauti yake tafiya idan ya ƙare. Saboda haka ban gudu ba, na sauka. Abin da ya tayar mini da tsigar jiki shi ne na san waƙar.

Mace ɗaya ce tal, da bokiti da fitila. Sauran muryoyin ƙubbar ce ke mayar mata.

"Waƙar nan ta faifaina ce," na ce.

Ta ɗaga fitilar ta haske ni. "Aljani ne ko mai majigi?"

"Mai majigi. Sunana Ergash."

"Gara aljani. Shi ba ya tsinke fim mutane suna tsakiyar kuka." Ta sauke fitilar. "Kuma waƙar ta kakata ce. Wane faifai?"

Faifai uku na mallaka a duniya. Ɗaya wani direban babbar mota ya taho da shi daga Turkiyya, kiɗansa na juyi kamar hayaƙin gasa nama. Na biyu ban ma san yaren ba, wata mata ce da sarewa da ƙararrawa, in ka rufe ido sai ka ga ruwan sama yana komawa sama. Na ukun shi ne raina. A Tashkent aka buga shi, a bangonsa an zana rumman da aka tsaga, da ido a cikinsa. Tsofaffin waƙoƙinmu ne, amma tambur ɗin, molonmu mai dogon wuya, an jona masa lantarki, tsirkiya ɗaya sai ta yi nishi ta bazu kamar mai a kan ruwa.

Aibinsa ɗaya. Kiɗan ƙarshe yana hawa, yana hawa, ya juyo zai sauka gida, sai ya yanke. Allura ta yi ta shuuu a cikin shiru. Na taɓa mayar da shi kanti, mai kantin ya ce duk haka suke.

Duk wannan na zuba mata a bakin ruwa ba ta katse ni ba. Sai ta ce, "Wa ya kaɗa tambur ɗin?"

"An rubuta Tolib ɗan Normurod."

Bokitin ya suɓuce mata. Ƙubbar ta daɗe tana maimaita ƙararsa.

"Yayana ne..."

A hankali na san sauran. Mahaifinta, Usta Normurod, wato gwani Normurod, shi ne makaɗin da ba a biki a yankinmu sai da shi. Tolib ɗansa ne kuma ɗalibinsa. Ranar da Usta ya tarar Tolib ya huda tambur ɗin kakansu ya zura masa waya, ya nuna masa ƙofa. Uwarsu ta daɗe da rasuwa, don haka Sanobar ce ta bi shi da gurasa, ya gatsa, ta rataye ragowar a bango kamar yadda ake yi wa duk matafiyi, don rabonsa ya jawo shi gida ya ƙarasa. Bai dawo ba. Motar ƙungiyar makaɗan da ya shiga ta faɗa kwazazzabo a hanyar duwatsu, a can aka binne shi. Tun daga ranar Usta ya naɗe nasa tambur ɗin a zane, ya hana waƙa a gidan. Shi ya sa take saukowa rijiya in ya yi barci.

Ta fara zuwa gidanmu da hujjar kawo wa mahaifiyata inabi. Sai ta zauna a bakin taga in sa mata faifai.

"Wannan matar me take cewa?"

"Cewa take, Sanobar-jan, abar ƙaunata, ki tausaya wa mai majigi."

"Ashe yaren nata ma ƙarya ake yi da shi."

Na ukun kam ba ta taɓa yarda na sa ba. Takan riƙe bangon tana shafa rumman ɗin da yatsa. "Ba zan ji shi kafin Baba ba," in ji ta.

Sau biyu mahaifiyata ta je gidansu da mata da gurasar baiko a ƙunshe. A wurinmu sai an karya gurasar nan a gaban dattawa magana take tabbata. Sau biyun ta dawo da ita lafiya lau. Usta ya ce ba za a karya wata gurasa a gidansa ba sai mai waccan ta bangon ya shigo ya ƙarasa tasa.

"Matacce zai jira, ni ba zan jira ba," in ji mahaifiyata. "Ana gama tsinkar auduga zan kai gurasata wani gidan."

Na tare Sanobar a hanyar rijiya.

"Mu je ofishin aure mu sa hannu. Doka ba ta tambayar gurasa."

"Ni ina tambaya."

"Ba kya sona ke nan?"

"Ergash, in da ba na sonka da na zauna ina sauraron mata tana kuka da yaren da ba wanda ya sani?" Idonta ya ciko. "Ni na miƙa wa Tolib gurasar nan da hannuna. In na fita ba da albarkar Baba ba, biyu za a rataya a bangon... kuma wa zai dafa masa shayi?"

"To ni fa, rabin raina?"

Ta ɗauki bokitinta.

Ba dabara ce ta kai ni gidan Usta ba, ban iya dabara ba. Na ga dai zan rasa ta, na ce kafin nan bari in yi wa mutumin da ya fi kowa sani tambayar da ta daɗe tana cina. Da la'asar na ɗauki garmahona da faifan na yi sallama.

Yana zaune a gadon katako ƙarƙashin rumfar inabi, ƙaramin tsoho mai dogayen yatsu. Ta ƙofar ɗaki ina hango gurasar a bango, ta bushe ta yi duhu, da gurbin haƙora a gefenta.

"Kai ne mai tsinke fim?"

"Ni ne, Usta."

"In maganar ɗiyata ce, na ba uwarka amsa."

"Ba ita ba ce. Wani kiɗa ne da ni wanda ƙarshensa ya ɓata. Ina so in san inda ya tafi."

Ya dube ni kamar ya ga ɗan rago mai kai biyu. Da ya ga sunan da ke jikin bangon faifan, hannunsa ya tsaya a kan kofin shayi. Na ɗauka zai kore ni. Sai ya ce, "Sa. In ji abin da aka huda tambur ɗin ubana dominsa."

Sanobar ta jona mini wayar ta taga, ta tsaya jikin ginshiƙi.

Kiɗan ya tashi. Ban taɓa jin sa a fili ba sai ranar. Ya cika tsakar gidan, ya hau rumfar, har na ga kamar ganyen inabin na juyowa.

"Jaki mai mura," in ji Usta.

Can kuma, a hankali: "Wannan jan yatsan nawa ne."

Kiɗan ya hau, ya hau, ya juyo zai sauka... ya yanke. Shuuu.

"A nan ya lalace, Usta," na ce. "Na mayar da shi kanti, suka ce..."

"Yi mini shiru."

Ya karkata kai yana sauraron shirun, yatsansa na bugun gwiwarsa yana ƙirga. Daidai inda yatsan ya tsaya, a nan allurar ta kai ƙarshe.

"Bai lalace ba, ɗana." Muryarsa ta dushe. "A gidanmu ɗalibin da ba a yi wa fatiha ba ba ya rufe kiɗa. Yakan kawo shi bakin ƙofa ya tsaya, malaminsa ya shigar da shi. Haka na yi wa ubana." Ya dubi faifan yana juyawa. "Na kore shi. Ya je Tashkent, ga injuna, ga manyan mutane, ba mai hana shi... ya zo bakin ƙofa ya tsaya yana jirana. Har wurin ya auna ya bar mini."

Sanobar ta toshe bakinta da gefen ɗankwali.

"Ɗiyata, ɗauko mini tambur."

Ya daɗe yana ɗaure tsirkiyoyin, don sun saki. Sannan ya yi mini nuni, na mayar da allurar.

Na rayu shekaru masu yawa bayan wannan, na ji faifai iri-iri, ban sake jin irinsa ba. Tambur mai lantarki ya sauko yana nishi, ya tsaya. A cikin shuuu ɗin, na katako ya karɓa, siririn sauti, ba ado, kamar tsoho ya riƙo hannun yaro. Ya taka da shi a hankali har gida, ya rufe. Ranar na san inda sauti yake tafiya idan ya ƙare: wurin wanda zai amsa shi yake zuwa ya jira.

Usta ya ɗaga hannuwa, muka ɗaga. Ya karanta fatihar da ake yi wa ɗalibin da ya ƙware, ya ambaci Tolib da sunansa, muka shafa.

Da kansa ya shiga ɗaki ya sauko da gurasar. Ta yi tauri kamar dutse, sai da ya tsoma ta a shayi. Ya ci daga inda haƙoran suke, ya miƙa wa Sanobar, ita kuma ta dubi mahaifinta, ya gyaɗa kai, ta miƙo mini.

"Ka ce wa uwarka ta zo gobe," in ji shi. "Da mai zafi. Haƙorana ba za su iya irin wannan sau biyu ba."

Sanobar na dariya hawaye na zuba.

Sai muka ji ana ƙwanƙwasa katanga. Maƙwabciyarsu ce, tsohuwa Mastura, ta taka wani abu ta leƙo, da garin fulawa a hannuwanta.

"Usta, tambur biyu na ji a gidan nan," ta ce. "Tolib ne ya dawo?"