Wutsiyar Maganar Samba

Ana gab da magariba Badaru mai gadi ya buɗe mini biro, wato ofishin ƙungiyar makiyaya na Dakoro. Ni ce mai gyara musu lojisiyel, wato tsarin kwamfuta wanda makiyayi ke kira daga daji ya bar saƙon murya. Yayana Samba ya ɓace da shanunsa, ruwansa ya ƙare. Ya kira sau ɗaya: "Raudatu, ku cece ni, ina wajen rijiyar..." Sai shiru.

Na san inda sauran yake. Lojisiyel ɗin yana tara murya a wata ma'ajiya, sai ta cika ya fitar. Tsohon tsarin lojisiyel ɗin ya san yadda ake zazzage ta, amma sabon da ya gaje shi bai taɓa kiran wannan umarni ba. Ɗan da ya ci gado ya watsar da aikin uba! Wutsiyar kowane saƙo tana maƙale a ciki, in wuta ta ɗauke kuma ta tafi har abada. Ga rana ta faɗi, batirin sola yana ƙyafta jan ido.

Badaru ya tsaya a bakin ƙofa, ya ƙi shigowa.

"Madam, ɗakin ga ba a zama cikinai da almuru," ya raɗa.

Ban kula shi ba. Na rubuta umarnin, na danna.

Warin tsohuwar rijiya ya cika ɗakin, laka da jiƙaƙƙiyar igiya. Lasifika ta shiga aman guntayen muryoyi, maza da mata, kowa da ƙarshen maganarsa.

"...Aduwa," in ji muryar Samba.

Na miƙe. Na juya zan fita.

Lasifikar ta mutu, amma numfashi bai tsaya ba. A bayan kunnena yake, mai sanyi.

"Wutsiyar magana ita ce abincinmu, kin zubar," aka ce. "Mi za ki ba mu?"

"Komi!" Tsoro ne ya amsa, ba ni ba.

Badaru ya fizgo ni waje yana salati.

Da safe muka iske Samba a rijiyar Aduwa, leɓensa a tsattsage, amma da rai. Na durƙusa na ce, "Yaya, Alhamdu..." Sauran bai fito ba.

Har yau ba na ƙarasa magana. Badaru kuwa ya bar aiki, don kullum da magariba yana jin muryata a rufaffen biron, tana faɗin ƙarshen abin da na fara da safe.