Zanen Gidanmu da Bai Bushe Ba

Sagir, aje kofin nan. Na ce ka aje shi! Sau nawa zan faɗa muku ba a kusantar zanen nan da ruwa a hannu?

To, tunda an ɗauke wuta, ku kuma ba kwa jin magana sai da dalili, ku matso. Hurera, rage fitilar. A yi ƙasa da murya, kakarmu Inna Kulu ta kwanta.

Ku dubi zanen. Gidan nan namu ne. Zaure ya fito, katanga ta fito rabi, daga nan sai farar takarda. Inda ɗakin Inna ya kamata ya tsaya, babu komai. Ba ƙiwa ce ta hana a ƙarasa shi ba. Da an ƙarasa, da yau ba gidan, ba Inna.

Kawu Tasi'u ne ya yi shi. Shi dai wannan da kuka sani, mai zama shiru a ɗakin soro. A Zariya ya koyo zanen fentin ruwa. Ɗan kala, ruwa, buroshi, takarda mai kauri, shi ke nan. In ka yi kuskure ba gyara. Kuma ba a shafa fari. Duk inda kake son haske, takardar kake bari yadda take.

Tsofaffin gine-gine yake zanawa. Soro da zankwayensa, zaure mai azara, kuka a bakin fadama. Hannu gare shi, wallahi. Amma wa zai duba? Ya kwana uku kan zane ɗaya, ya miƙa wa mutum, sai ka ji, "Malam, ka manta ba ka shafa nan ba." Wani ya ce ai waya ta fi fitar da shi. Goggo Lantana kuwa, da ya ba ta hoton fadama kyauta, fifita wuta ta yi da shi. A gabansa! Abin yana cin ransa, har ya rame. Ni ma in na tuna sai raina ya ɓaci, don ina cikin masu dariyar.

Wata rana da bazara ya ɗauki jakarsa zai tafi Kufan Magina, tsohon garin nan da aka tashi, bayan dutse.

Inna ta ce, "Tasi'u, rana tsaka ba a shiga kufai."

Ya ce, "Inna, hasken lokacin nake so."

"Ka nemi abokin tafiya."

"Wa zai bi ni kallon bango?"

Ya tafi shi kaɗai.

Akwai wani soro a can, shi kaɗai ya rage a tsaye. Ya zauna gabansa ya fara aiki. Zafi kamar me. Ba iska. Ko tsuntsu ba ya kuka. Yana tsakiyar aiki gwiwarsa ta ture gorar ruwan. Ƙasa ta shanye tas. Zane rabi, ga rijiya mafi kusa sai an yi tafiyar awa guda. Ya jefar da buroshi, ya dafe kai.

Sai ya ji an ce, "Sannu da aiki."

Muryar a hankali, kamar daga cikin randa.

Mace ce, ba yarinya ba, ba tsohuwa ba. Ta ɗaura baƙin zane, tulu a ka. Bai ji zuwanta ba. Ta sauke tulun, ta durƙusa, ta ƙura wa takardar ido. Ta daɗe. Bai taɓa ganin wanda ya daɗe haka a kan aikinsa ba.

Ta nuna da yatsa. "Nan ka bar shi fari."

Ya yi tsaki. "Ban manta ba."

"Na sani. Ta nan rana ke shiga."

Kawu ya ɗago ya dube ta. Shekara tara yana jiran wannan maganar.

Ta ce, "Inuwar indararo ma ka gan ta. Wanda ya gina shi haka ya so a gani."

Ya ce, "Kin san maginin?"

"Na san hannunsa."

Soron nan fa ya haura shekara ɗari biyu. Amma Kawu bai tsaya lissafi ba, daɗin yabo ya rufe masa kunne.

Ta ce, "Soron takardar ya fi na waje sanyi." Ta karkata tulu ta cika masa gora. "Wannan ba ya ƙarewa. Amma duk gidan da ka zana, ka bar mana ƙofa a buɗe."

Ya karɓa. Ko bisimilla bai yi ba.

Da ta juya ne idonsa ya faɗa ƙasa. Kun san mai zane, inuwa yake fara dubawa. Rana ta ɗan karkata. Inuwar soro gabas ta faɗi. Ta kuka gabas. Tasa gabas. Tata ita kaɗai yamma ta yi, tana bin rana. Kuma duk inda ta taka, sawun a jiƙe yake, a ƙasar da ta wata biyar ba ta ga ruwa ba.

Balki, sake min hannu, kina ƙuntata min.

Da ni ce, da a nan zan zubar da gorar in ranta a na kare. Shi fa? Ya tsoma buroshi. Wai yana so ya ga yadda ruwan ke bin takarda.

Ya bi, kuwa. Kalar ta zauna kamar da rai. Da ya dawo gida, mutanen da ke masa dariya suka yi cirko-cirko. Goggo Lantana ta ce ita ƙamshin ƙasa take ji, irin na ruwan farko. Aka gayyace shi Kaduna baje kolin zane, mutane suka yi layi. Kawu ya yi ƙiba, yana tafe yana murmushi.

Amma kwana bakwai da zana shi, soron kufai ya zube. Aka ce ai tsufa ne. Ya zana wani tsohon rumbu a bakin kasuwa, ya zube. Ya zana gidan marina da ba kowa a ciki, shi ma ya zauna. Ba hadari, ba yayyafi. Masu kwashe ƙasar suka ce tubalin a jiƙe yake ta ciki. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Shi ma bai haɗa ba, ko kuwa bai so ya haɗa ba.

Nan ne nawa laifin ya shigo, kuma har gobe ina jin haushin kaina. Ina da shekara sha tara, bakina ba ya rufuwa. Kullum sai na ce, "Kawu, ka zana gidan kowa, namu fa? Ko namu ba gida ba ne?" Na dame shi har ya gaji.

Ranar wata Laraba da hantsi ya kafa kujera a ƙofar gida. Inna tana ɗakinta, ƙafa ta hana ta fitowa. Ina tsaye bayansa. Ya fara da zaure. Ya bar ƙofar fara, kamar yadda aka ce masa. Ya bi katanga, yana nufar ɗakin Inna.

Na ce, "Kai, Kawu, ya yi kyau!"

Sai na ji sanyi a ƙafata.

Na duba. Ruwa ne ke tsattsafowa daga gindin zaure. Na ɗaga kai. Bangon yana zufa, daga sama har ƙasa.

Na ce, "Kawu."

"Bari, kalar za ta bushe."

"Kawu, dubi ƙofar zanen."

A kan farar takardar, daidai bakin ƙofa, ga sawu. Ɗan ƙarami, jiƙaƙƙe. Muna kallo wani ya fito a gabansa. Sannan wani. Ciki suke shiga.

Buroshinsa cike da kala, saura kamar faɗin yatsa ya taɓa ɗakin Inna. Na riƙe hannunsa da hannuwana biyu. Ya dube ni, ya dubi bango, ya saki buroshin. Bai kai ƙasa ba zaure ya zauna. Ba ƙara. Ya dai narke ne kamar sukari a shayi. Katanga ta bi shi, ta tsaya daidai inda kalar ta tsaya. Daga ciki muka ji Inna tana cewa, "Wa ke ɓarin ruwa a tsakar gida?"

Shi ya sa zaurenmu na bulo ne, sauran gidan na laka.

Washegari Kawu ya mayar da gorar kufai, shi da maza huɗu. Ba su ga kowa ba. Zanen kuwa malamin da aka kira ya ce kada a ƙona, kada a yaga, akwai masu zama a ciki. A bar shi inda ruwa ba zai taɓa shi ba. Har yau gefen kalar da danshi. Ɗigo ɗaya ya faɗa, za ta malala. Kun kuma ga inda za ta nufa.

Yanzu ka gane, Sagir?

Kawu ya koma zane da ruwan famfo. Ni da na koyi dubawa, na rantse aikinsa na yanzu ya fi na wancan lokacin. Guda shida ya rataye a hanyar ɗakin soro. Kullum ta nan kuke wucewa. Wa zai faɗa min abin da ke cikin na farko?

Hurera? Balki?

Kun gani. Abin da ke ba ni takaici ke nan. Mutum yana cikin danginsa, sai da ya je kufai kafin ya sami mai duba masa aiki.

Ban yarda ɗayanku ya bi hanyar Kufan Magina shi kaɗai ba, balle da rana tsaka. In kuwa wata ta ba ku ruwa, ku dubi inuwarta tukuna. Gobe da safe kuma, kafin kowa ya sha koko, zai je ya tsaya gaban zanen Kawu ya duba. Jiya na ga Kawu ya fito da tsohuwar jakarsa yana kakkaɓewa, yana tambayar Inna ko har yanzu ana bin hanyar bayan dutse.