Giyar Gidan Wa?

Injin ya yi 'yar ƙara, koren haske ya kama a goshinsa. A cikinsa dawar da aka jiƙa ta yi tsiro, ta bushe, ta niƙu, ƙullun ya yi tsami ya dahu, duk ba hayaƙi, ba hannun mutum. Madafi ake kiransa, Marka ce kuma ta ƙera shi. A dogayen benayen Sabuwar Tudu, inda Maguzawa suka tare bayan ruwa ya cinye ƙauyukansu, babu gidan da ba shi da guda.

Kafin zuwan Madafi, burkutu aikin kwanaki ce. Abin da ke tayar da ita shi ne iri, wato guntun tsohuwar giya da ake bari a gindin randa. Akwai ƙananan halittu masu rai a cikinsa, kowace randa da nata, shi ya sa giyar kowane gida take da ɗanɗanonta. Ba a wanke randar iri. Uwa ke ɗibar wa 'yarta ranar aure, in na wata ya mutu maƙwabciya ta sam mata. Marka ta maye gurbin wannan duka da ƙwayar yisti guda, mai tsabta, wadda giyarta ba ta taɓa lalacewa.

Yau ake tunawa da marigayi mahaifin Marka. Bisa al'ada, matar mamaci ke kurɓar ƙwaryar farko, ta zuba saura a ƙasa, don mai gida ya ji ɗanɗanon ya gane gidansa.

Tun makon jiya mahaifiyarta, Iya Gwamma, wadda idanunta suka mutu, ta ce mata, "Ta babanki kam, ki sa iri daga randata."

Marka ta amsa da to. Ta kasa faɗa mata cewa ranar da ta kafa Madafi a gidan, ita da kanta ta wanke randar da tururi har ta yi ƙal, tana ganin gata ta yi mata.

Ta bi benen hawa-hawa tana roƙon iri. A ƙofar ƙarshe Inna Hantsi, ƙawar Iya, ta kwashe da dariya.

"Iri? Ke 'yar nan, ba ke kika raba mu da wahala ba? Tawa randar ai takalman jikoki ke ciki. Allah dai ya yi miki albarka!"

Albarkar nan ta fi zagi yi wa Marka ciwo. Ta koma ɗakinta na bincike, ta kankare bangon randar Iya, ta sa a madubin ƙara girma. Yumɓu kawai ta gani.

Da hantsi dangi suka taru a rufin bene, inda aka keɓe 'yar ƙasa don irin wannan rana, aka hau da Madafi can. Marka ta tara ƙwarya a bakin Madafi, ta durƙusa ta miƙa.

Iya Gwamma ta shinshina, ta kurɓa, ta daɗe tana juya ta a baki.

"Ta yi kyau," in ji ta a hankali. "Giyar gidan wa ce?"

"Ta gidanki ce, Iya."

"Haka ta gidan Hantsi take. Haka ta gidan maƙwabcinmu Korau." Ta lalubo fuskar Marka, ta ji danshi a kumatunta. "Kin wanke randar, ko?"

"Na wanke, Iya. Na nemi iri ko'ina. Babu wanda ya rage da shi."

Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta share mata hawaye da bakin zane, sannan ta karkata ƙwaryar kamar za ta zuba, sai ta tsaya.

"In na zuba wannan, wace ƙofa zai shiga? Duk garin gida ɗaya ne yanzu." Ta ajiye ƙwaryar a cike. "Bar shi ya huta inda yake, kada ya yi ta yawo a benayen mutane."

Dangi suka watse shiru. A bayan Marka, Madafi ya sake yin 'yar ƙararsa, ya fara wanke cikinsa da tururi.