Gawayi a Leɓen Garzali

"Ajiye mayafin nan, Khaulat! Babu inda za ki kai min yaro."

Khaulat ta tsaya cak. Tun da aka kawo ta aure garin Indabo ba ta taɓa haɗa ido da surukarta Inna Safara'u ba, balle musu. Ga mijinta Garzali kwance a tabarma yana ta kelaya amai. Bakin injin feshi ne ya toshe masa a gonar shinkafa, shi kuma sarkin gyara ya kafa baki ya zuƙa, maganin ciyawa ya wuce har ciki.

"Inna, don Allah... guba ce fa!"

"Na ba shi manja, ga nono. Haka muke yi tun ba a haife ki ba. Kika fita da shi, to ki zarce gidanku!"

Garzali ya kamo bakin zaninta. "Masoyiya... bi maganar Inna..."

"Wallahi yau kam ba zan bi ba!"

Ta ƙwala wa maƙwabcinsu Ya'u mai adaidaita sahu kira, ta suri robar maganin, tana kuka suka cicciɓe shi.

A asibiti cikin Wudil, likita ya karanta jikin robar ya girgiza kai.

"Manja ba ya kashe guba, Malama. Gara da kika yi sauri."

Aka zura masa siririyar roba ta hanci, aka ɗura damammen gawayin asibiti mai kama guba tun ba ta shiga jini ba, aka ɗaura ƙarin ruwa, aka sa masa jakar fitsari.

"In fitsari ya ƙi zuwa, sai Kano, wankin jini," in ji likitan.

Khaulat ta zauna ta ƙura wa jakar fitsarin ido. Wayam! Tsoro kamar ya kashe ta.

Bayan la'asar sai ga Inna. Garzali ɗan fari ne, alkunya ba ta taɓa barinta ta ambaci sunansa ba. Tana ganin leɓensa baƙi ƙirin da gawayin da ya amayo, ta dafe ƙirji.

"Garzali! Garzali!"

Ya buɗe ido da ƙyar. "Inna... ashe kin san sunana?"

Nas ta ɗago jakar tana murmushi. "Alhamdulillahi, fitsari ya zo."

Khaulat ta durƙusa, kanta a ƙasa. "Ki yafe min, Inna. Da an sallame shi zan wuce gidanmu..."

Inna ta ɗago ta, hawaye na bin kuncinta.

"Wane gidan kuma? Tashi 'yar nan, goge wa mijinki baki."