Reshen da Ya Ƙi Mutuwa

A garin Zuru, wajen Rikoto, an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana da ƙoƙari a makaranta, babu laifi. Sai dai hannunta ya fi bakinta sauri. In abu ya burge ta, ɗauka take yi tukuna, tambaya ta biyo baya.

Wata rana malamarsu, Malama Beatrice, ta ce, "Za mu yi wa bakin ajinmu ado. Kowa ya kawo reshen fure mu dasa. Amma ku roƙi mai shi, ku kuma tambayo asalinsa. Furanni ma suna da garinsu. Kariya tamu ce, a dajinmu take fitowa. Wannan jan furen da ke hawa katanga kuwa, boganbiliya, daga ƙasar Barazil aka kawo shi."

Ƙawarta Adama ta ce, "Mu akwai kariya gidanmu!"

Ita kuwa yarinya, a gidansu babu komai sai kuɓewa da yakuwa. Ta ƙudura a ranta sai ta kawo wanda ya fi na Adama.

Hanyar gidansu ta bi ta bayan coci, inda makabarta take. Da aka tashi daga makaranta, ta leƙa ta katanga. Can ta hango wani itace tsaye a kan wani kabari. Rani ne, ko ganye ɗaya babu a jikinsa. Rassansa sun miƙe sama kamar yatsun hannu. A bakin kowane reshe akwai fararen furanni masu ruwan ɗorawa a tsakiya.

Rana ta take. Wurin shiru, ko kukan tsuntsu babu. An share kabarin tas, alamar akwai mai kula da shi. Duk da haka ta haura katangar. Ta kama reshe, ta karya, ɓas!

Sai ga wani farin ruwa kamar nono yana ɗiga daga inda ta karya. Ya ɗiga a hannunta, ya ɗiga a kan kabarin. Ta share zufar fuskarta da hannun nan, ta zura da gudu.

Kafin ta isa gida idonta ya yi jajir, yana raɗaɗi. Ta cusa reshen can ƙarƙashin gado.

"Mi ya samu idonki?" in ji mamarta.

"Barkono ne, Mama."

Mama ta wanke mata idon da ruwa mai yawa. Raɗaɗi ya ragu, amma tsoro bai ragu ba. Ta kasa kai reshen makaranta, ta kuma kasa yar da shi, don ko taɓa shi ba ta son yi.

Washegari da ta zo wucewa, ta ga wata tsohuwa tsaye a gindin itacen. Kaka Keziah ce, maƙwabciyarsu. Tana shafa wurin da aka karya, tana magana a hankali.

"Filibus, wa ya yi maka haka? Mi ka yi masa?"

Babu kowa a wurin sai ita da kabari. Yarinya ta ce a ranta, "Shi ke nan, ta kai ƙarata wurin mai kabari."

Kwanaki suka wuce. Abinci ba ya shiga, wasa ba ya daɗi. Ta canza hanya, tana zagaye mai nisa.

Wata rana da la'asar ta shiga ɗaki ɗauko tsintsiya. Sai ta ji wani ƙamshi mai sanyi ya cika ɗakin. Ta san shi sarai, ƙamshin makabartar nan ne. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado. A cikin duhu, ga sababbin fararen furanni sun buɗe a bakin reshen. Babu ƙasa, babu ruwa, babu saiwa, amma ya yi fure.

Ta kurma ihu. "Mama! Ya biyo ni! Mai kabari ya biyo ni!"

Mama ta shigo a guje. Nan yarinya ta zayyana mata komai, tana kuka.

"Ashe barkonon ke nan," in ji Mama. "Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗauko shi da tsumma, mu tafi wurin Kaka."

Suka sami Kaka Keziah tana tsince dawa. Yarinya ta durƙusa, ta ajiye reshen, ta ce, "Kaka, ni ce na karya. Ki yi haƙuri. Ki ce masa ya daina bina."

Tsohuwa ta daɗe tana kallon furannin. Sannan ta ce, "Ɗiyata, babu mai binki. Iccen ga haka yake. Yana ajiye ruwa a jikinsa, ko an karya shi ba ya saurin mutuwa. Nononsa kuwa kamar na tumfafiya ne, ba a kai shi ido."

Ta goge hawaye da bakin zane.

"Filibus ɗana ne, soja ne. Shi ya kawo mini reshe daga barikinsu a Legas, cikin jakar kayansa. Da ya rasu na dasa masa a kansa. Da kin tambaye ni, da na yanka miki da wuƙa. Ni ba reshen ya dame ni ba. Na ɗauka akwai wanda ke ƙin ɗana har yanzu, ya biyo shi kabari. Tun ranar ban yi barcin kirki ba."

Wannan magana ta fi nonon itacen yi wa yarinya zafi. Ita tana tsoron wanda ya mutu, ashe mai rai ta cuta.

Kaka ta juya gindin reshen, ta ce, "Ya bushe daidai dasawa. Kai shi makaranta. Amma in an tambaye ki, ki faɗi sunan wanda ya kawo shi."

Da safe ta tsaya gaban aji, ta faɗi laifinta ba ta ɓoye komai ba. Malama Beatrice ta ce sunan itacen furanjifani, asalinsa daga wajen ƙasar Meksiko ne, jiragen ruwa suka yaɗa shi a duniya.

"Daga Legas zuwa Zuru kuwa," in ji yarinya, "Filibus ɗan Kaka Keziah ne ya kawo shi."

Suka dasa shi kusa da kariyar Adama. Da damina ta sauka ya fid da ganye, Kaka ta dogara sandarta har makaranta ta gan shi, ta yi murmushi.

Yara, ku tambaya kafin ku ɗauki abin wani. Abin da kuke gani reshe ne kawai, wataƙila shi ne abin da ya rage wa mai shi.