Malam Jinkiri

A ɗakin hoton zuciya ya fara ganinta, tana riƙe da takalman mahaifinta. Tsohon na kwance, an shafa masa mai a ƙirji. Shi kuwa saurayin injiniya ne, an kira shi don hoton yana fitowa dishi-dishi.

"Me ya hana shi fita sosai?" ta tambaya.

Ya nuna mata kan na'urar da ake gogawa a ƙirji. "Ƙananan kunnuwa ne jere a nan. Sauti zai bugi zuciya ya dawo, wani kunnen ya ji da wuri, wani ya makara. Aikina in sa na farko su jira na baya, a haɗa su lokaci guda, sai hoto ya fito tas."

"Ashe Malam Jinkiri ne," ta ce tana dariya. Sunan kuwa ya bi shi.

Da magana ta yi nisa ya je gaida Baba. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa. "Kai da ka kasa nuna min zuciyata, kai zan ba 'yata?"

Bai lura da Mama tana ƙunshe dariya a bakin ƙofa ba. Ya ɗauka sharaɗi aka gindaya masa, ya koma ya duƙufa kan na'ura.

Saƙonta ya shigo: "Malam Jinkirina, wallahi tsokanarka Baba yake yi. Ka turo manyanka."

Ya amsa: "Sanyin idona, saura kaɗan. So nake in fita kunyarsa."

Damina ta zo ta wuce.

Ranar da aka sake kwantar da Baba, hoto ya fito tas, zuciya na buɗewa da rufewa a gajiye. Likita ya duba, ya girgiza kai. Baba ya kamo hannun injiniyan.

"To, na gani. Kai kuma ina kawunnanka? Rigata ta ɗaurin aure tana rataye tun bara."

Washegari ya tura su. Aka sa rana, amma Baba bai kai ta ba.

Ƙanin Baba ne ya sa rigar, hannuwan sun yi masa tsawo, ya ba da aurenta. Ango ya durƙusa gaban Mama, ya kasa ɗago kai.

"Tashi, ɗana," ta ce. "Ya bar min saƙo in ba ka. Ya ce hoto ya yi kyau, kuma ko bai fito ba da ya ba ka ita. Allah ya yi muku albarka."

Amarya ta ce amin daga cikin mayafi. Tasa amin ɗin ta makara, sai ta jira shi suka sake faɗa tare.