Goggo da Masu Sharhi

Auta na guga a falo sai ga Goggo ta faɗo, waya a hannu, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ƙanwar mahaifin Injiniya ce, saurayin da aka sa musu rana da Auta. Ta dasa wa Mama, mahaifiyar Auta, wayar a fuska, wai ta ga abin da duniya ke faɗa a kan 'yarta.

Auta 'yar jarida ce a wani shafin labarai na intanet. Rahoto ta rubuta kan matan da ba sa samun zuwa awon ciki, editanta ya sauya kanun ya koma "Maza Ne Matsalar". Masu sharhi suka yi mata ca. Wani ya ce ba ta da tarbiyya, wani ya ce duk wanda ya aure ta ya auri masifa.

Auta ta ce, "Goggo, kin karanta labarin kansa kuwa?"

"In karanta me? Jama'a ba sa taruwa a kan ƙarya."

Kafin mako ya zagayo mahaifin Injiniya ya fusata, aka ɗage biki. Auta ta yi kuka har ta gode Allah, amma takaicin ofis ya fi. Edita sai washe baki yake, wai sharhi shi ne kasuwa, ta ƙaro wani mai zafi.

"Oga, ni rahoto nake rubutawa, ba fetur ba."

Ya mayar da ita teburin hasashen yanayi, inda ko ƙuda ba ya sauka.

Shi kuwa Injiniya bai yi musu da kowa ba. Kullum yana gaida Goggo, tana kawar da kai. Sai da ya ga ran mahaifinsa ya yi sanyi, sannan ya durƙusa ya karanta masa rahoton daga farko har ƙarshe. Tsohon ya ce shi dai bai ji zagi ba, yarinya mai tausayi ya ji. A lokacin masu sharhin sun daɗe da komawa kan wani mawaƙi, ba wanda ya tuna da Auta.

Aka ɗaura aure. Goggo ta zo tana ƙunƙuni, amma ita ta fi kowa guɗa.

Mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kada ka rushe gidanka da bakin mutanen da gobe ba za su tuna abin da suka faɗa ba.